Keke da kwano: yadda mai keke zai rage teɓa

Karatunmu na yau bisa abu biyu ne da ka sani sarai: keken da kake hawa, da kwanon da kake sa hannu ciki. Mutane da yawa suna cewa: «In kana son teɓa ta faɗa, hau keke.» Maganar tana da gaskiya, amma rabi ce. Sauran rabin yana cikin kwano. Ni na gani a jikina, shi ya sa zan ba ka labarin tun daga farko.

Abin da ya same ni

Ina saurayi siriri nike kamar karan dawa. Da na kama aikin koyar da manya, da keke nike zuwa ƙauye daga Maradi. Daga baya na samu ɗan hali, na sayi moto. Keken kuwa na jingine shi a zaure har tayoyinsa suka bushe. Shekara bakwai ban hau shi ba.

Sannu a hankali wando ya fara matse ni. Tela ya ƙara mini yadi. Abokai a fada suna shafa cikina suna dariya: «Malam, arziki ya zamna!» Ni ma ina jin daɗin maganar, domin a wurinmu ana ganin teɓa alamar samu ce.

Amma jikina bai ji daɗi ba. In na duƙa ɗaura takalmi sai numfashi ya gagara. Kaina yana yawan ciwo ta ƙeya. Wata rana na tafi likita. Majo ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce: «Malam, tansiyonka 16 da 10. Bai kamata ya kai 14 da 9 ba.» Ya sa na hau ma'auni: kilo 92. Tsawona kuwa mita 1 da santimita 70 kawai.

Sai ya tambaye ni: «Ɗiyanka nawa?» Na ce shidda. Ya ce: «To, wa za ka bar ma su?»

Ban ba shi amsa ba. Na tuna da wani maƙwabcinmu da hawan jini ya kayar cikin kasuwa. Yau shekara huɗu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa ke ba shi abinci a baki.

Ran nan na fiddo keke, na kai ma mai gyara. Ƙauyen da nike koyarwa kilomita 8 ne daga gida. Zuwa da dawowa 16 ke nan, kwana biyar a sati. Na yi wata uku cur ina tuƙi, ina zufa. Na koma likita da murna, na hau ma'auni: kilo 91 da rabi. Rabin kilo! Raina ya ɓaci ƙwarai.

Majo ya yi dariya, ya ce: «Ba kai ke koya ma mutane rubutu ba? Ɗauki kaye da bik. Duk abin da ya shiga bakinka, rubuta shi, har sati ɗaya. Sannan ka dawo mu yi lissafi.»

Kafin in gaya maka abin da kayen ya tona, bari mu fahimci yadda jiki ke aiki.

Jiki ma yana da rumbu

Ka san rumbu. In abin da kake zubawa ya fi abin da uwargida ke ɗiba, rumbu zai cika. In ɗiba ta fi zubi, rumbu zai yi ƙasa. Ba wani asiri a ciki.

Haka jikin mutum yake. Abinci shi ne zubi. Aiki, da tafiya, da tuƙin keke, har da numfashi da bugun zuciya, su ne ɗiba. Abin da ya yi saura, jiki ba ya zubar da shi. Yana maida shi kitse, ya ajiye don ranar yunwa. Teɓa ita ce rumbun jiki.

Ɗan kitse abu ne mai amfani. Amma in ya yi yawa, musamman a ciki, yana kewaye hanji da hanta. Daga nan ne hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya ke samun ƙofa. Gwiwoyi da baya su ma suna shan nauyi.

Hatsi da tiya ake auna shi. Ƙarfin da ke cikin abinci kuwa da kalori ake auna shi. Riƙe wannan kalma: kalori. Namiji babba yana bukatar kalori kimanin 2500 a yini, mace kimanin 2000. Mai aikin ƙarfi, kamar manomi da damina, yana bukatar fiye da haka. Mai zama a shago yana bukatar ƙasa da haka.

Ga ƴan lambobi. Karanta su a hankali, za mu yi aiki da su:

Ƙwayar sukari ɗaya, giram 5 ce, kalori 20.
Babban cokali ɗaya na mai, kalori 120.
Lemun kwalba na santilita 33, sukarin da ke ciki ya kai ƙwaya 7, kalori 140.
Tuƙin keke na awa ɗaya, ba gudu ba, yana shan kalori 300 zuwa 500, gwargwadon nauyin mutum da saurinsa.
Kilo ɗaya na kitsen jiki, kalori kimanin 7700.

Yanzu duba. In awa ɗaya ta sha kalori 400, to sai ka tuƙa awa 19 kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi. In kana yin kilomita 15 a awa, tafiyar ta kusa kilomita 290. Daga Maradi zuwa Damagaram kilomita 240 ne ko kusa da haka. Wato sai ka je Damagaram da keke har ka wuce, don kilo ɗaya tak! Wannan ma in ba ka ƙara ko loma ɗaya bisa abin da ka saba ci ba.

Ka ga inda gizo ke saƙa? Abin da ƙafa ta ɗiba cikin awa ɗaya, baki yana iya maida shi cikin minti biyar.

Abin da kaye ya tona

Da sati ya cika, na zamna na ƙidaya sukarin yini ɗaya kawai.

Da safe, wurin mai shayi: ƙwaya 5 cikin babban kofi, ban da madarar gwangwani.
Da rana, cikin fura: ƙwaya 4.
Da na dawo daga ƙauye da ƙishirwa: lemun kwalba mai sanyi, ƙwaya 7.
A fada, ƙananan kofuna shidda na shayi, kowane kamar ƙwaya 2: ƙwaya 12.

Haɗa da kanka: 5 da 4 da 7 da 12. Ƙwaya 28. Sau 20, kalori 560. Keken kuwa kalori 400 yake sha mini a yini. Ashe sukari kaɗai ya cinye wahalar keken duka, har da bashi.

Ban ma sa mai cikin lissafin ba. Cokali biyu nike sa a zuba mini bisa shinkafa da wake: kalori 240. Ga fanke da ƙosai da nike saye a bakin hanya. Ga kuma wani abu da ban lura da shi ba: tun da na koma keke, lomata ta ƙaru. Ina ce ma kaina: «Ai na sha wahala, bari in ci.» Tuƙi yana buɗe ciki, wannan gaskiya ne. Wanda bai sani ba, sai ya ci fiye da abin da ya kashe.

Shin maganar ta shafe ka?

Tsaya tukuna. Ba kowa ne ke bukatar rage nauyi ba. Da yawa cikinmu ƙari ma suke bukata. Manomin da ya rame da noma, da mace mai ciki, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, da wanda ya tashi daga ciwo, su ci su ƙoshi. Karatun nan ba nasu ba ne.

Ga awon da ba ya bukatar kuɗi. Nemi igiya ko zare. Tsaya daidai, wani ya auna tsawonka daga ƙasa har bisa kai, ya yanke. Ninka igiyar biyu. Yanzu kewaya cikinka da ita, bisa cibiya kaɗan. Kada ka shanye ciki, kada ka yi ma kanka wayo. In bakunan igiyar sun haɗu, lafiya lau. In ba su haɗu ba, kitsen cikinka ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce: kewayen ciki kada ya wuce rabin tsawon mutum. Awon nan na maza ne da mata duka.

Wani gargaɗi kuma. In ka ga kana ramewa alhali ba ka rage ci ba, wannan ba abin murna ba ne. Ciwon sukari yana sa haka, tarin huka ma yana sa haka, da wasu cututtuka. Tafi likita maza.

Darasi daga ƴan tsere

Wataƙila ka taɓa jin labarin tseren keke a rediyo. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna da nasu babba, wanda aka fara a 1987. Amma uban su duka shi ne tseren kewaya Faransa, da aka fara a 1903. Sati uku ake yi, ana tuƙa kilomita fiye da 3000, ana hawan manyan duwatsu.

A wannan tsere nauyi babban abu ne, domin duk kilon da ke jikinka sai ka haura da shi dutse. Kekunansu marasa nauyi ne ƙwarai, har aka kafa doka cewa keke kada ya gaza kilo 6 da giram 800. Namu na ƙarfe kuwa yana kai kilo 18 ko 20. Tun da ba dama a rage keke ya wuce doka, sai mai keken ya duba jikinsa.

Akwai wani ɗan tsere, sunansa Chris Froome, an haife shi a Kenya, ya yi ma Ingila tsere. A 2007 an auna shi, kilo 75 da ɗoriya. A 2015 ya shiga tseren Faransa da kilo 67. Da aka gwada ƙarfin ƙafarsa, an tarar kusan ɗaya ne da na 2007. Kayan da ƙafar ke ɗauka ne suka ragu. Ya ci tseren sau huɗu: 2013, 2015, 2016 da 2017. Lura da kyau: mutumin yana tuƙa keke awoyi da yawa tun kafin nan. Sai da aka gyara kwanonsa sannan nauyin ya sauka.

Amma akwai labari na biyu, kuma shi ma ka riƙe shi. Wata ƴar tsere ce ta ƙasar Holan, Leontien van Moorsel. Ta ci babban tseren mata na Faransa a 1992 da 1993. Tsoron ƙiba ya kama ta, ta yi ta ƙin abinci har abin ya zama ciwo. Ta rame, ƙarfi ya ƙare, a 1994 ta bar tsere. Sai da ta yi jinya ta koma cin abinci sosai. Nauyinta ya ƙaru, ƙarfinta ya dawo. A 2000, a wasannin duniya na birnin Sidni, ta ci lambar zinariya uku.

Labari na farko yana cewa: keke kaɗai bai isa ba. Na biyu yana cewa: yunwa ba hanya ba ce. Hanya tana tsakiya. Su kansu ƴan tseren Faransa suna cin kalori 5000 zuwa 8000 a yini lokacin tsere, domin moto ba ta tafiya babu mai. Mu ba ƴan tsere ba ne, ba mu da likitoci da masu dafuwa da ke bin mu. Abin da muke nema shi ne lafiya da ƙarfin neman abincin iyali.

Abubuwa bakwai da na canza

Majo ya ce mini: «Rage kalori 500 a yini, kada ka wuce haka da yawa. Cikin kwana 15 kilo ɗaya zai tafi.» Ga yadda na yi.

Na ɗaya, na fara da abin sha. Na bar lemun kwalba, sai ranar biki. In na sauka daga keke, randa nike nufa. Shayin safe na maida shi ƙwaya 2, babu madarar gwangwani. Fura ina shan ta da nono, babu sukari. Satin farko ta yi mini salam. Sati na uku harshena ya saba, har na fara jin zaƙin hatsin kansa. Hukumar lafiya ta duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce giram 50, wato ƙwaya 10. In ya tsaya a rabin haka ya fi.

Na biyu, ban bar fada ba, domin mutum ba ya barin mutane. Amma kofi ɗaya nike karɓa da rana, ɗaya da dare. In an miƙo na biyu sai in ce: «Na gode, majo ya hana.» Sun yi mini ba'a kwana biyu, suka gaji suka bari.

Na uku, mai. Na zamna da uwargida na nuna mata kayen. Ba faɗa na yi ba, shawara muka yi, domin tukunya a hannunta take. Da can daga kwalba take tuttula mai cikin miya. Yanzu da cokali take aunawa. Ta ce ma kuɗin mai ya ragu. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na hatsi ko sukari kuwa 4. Shi ya sa duk abin da aka soya yake da nauyi: fanke, ƙosai, soyayyen dankali. Gyaɗa ma kusan rabinta mai ne. Abinci ce mai kyau, amma cikin tafin hannu ɗaya ya isa.

Na huɗu, na canza tsarin kwano. Ka raba kwanonka gida huɗu a zuciyarka. Gida biyu na ganye da kayan lambu: zogale, rama, yakuwa, kabeji, salati, karas, tumatir, kuɓewa. Gida ɗaya na tuwo ko shinkafa. Gida ɗaya na wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama marar kitse. Ganye yana cika ciki, kalorinsa kaɗan ne. Mu nan Maradi ba mu da hujja, ga zogalen Jiratawa kusa da mu. OMS ta ce babba ya ci giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace a yini. Kwaɗon zogale abinci ne na gari, in ba a cika masa mai da ƙuli-ƙuli ba.

Na biyar, na koma ga hatsi da wake. Farar shinkafa, da burodi, da taliya, an raba su da dusarsu, shi ya sa ba su daɗewa a ciki. Ka ci yanzu, an jima yunwa ta dawo. Hatsi da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi riƙe ciki. Wake kuwa yana gina tsoka kamar nama, ga araha. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Abin da muke nema yana cikin gonarmu.

Na shidda, yadda nike ci. Mu tare muke ci, tire ɗaya, hannu da yawa. Ba ka iya auna abin da ka ci. Dabarata ita ce: in sha ruwa kafin in zamna, in yi ƙaramar loma, in tauna a hankali. Ciki yana daɗewa kafin ya gaya ma kai cewa ya ƙoshi. Mai sauri yana wuce ƙoshi bai sani ba. In na ji yunwa ta kwanta, sai in tsame hannu, ko da tuwo ya saura. Yara suna nan, ba zai lalace ba. Tuwon dare kuma na rage shi, na bar cin na biyu wajen mai nama bayan isha'i.

Na bakwai, gishiri. Gishiri ba ya sa ƙiba, amma yana tada hawan jini. Giram 5 a yini ya isa babba, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen miya na kanti kusan rabinsa gishiri ne. Mun rage shi, mun ƙara daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta.

Cin mai keke: kafin, bisa hanya, da bayan sauka

Kafin ka hau, ci ɗan abu. Kunu, ko ɗumamen tuwo kaɗan, ko fura ludayi biyu uku. Kada ka cika ciki, kada kuma ka kama doguwar hanya da ciki wayam. Na taɓa gwada haka don in yi saurin ramewa. Ban kai ƙauye ba jiri ya ɗebe ni, ƙafafu suka mutu, na zamna gindin gawo ina rawar jiki. Da na dawo gida kuwa na ci na mutum biyu. Riba ba ta fito ba.

Bisa hanya, in tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba, ruwa kawai kake bukata. In za ta kai awa biyu ko fiye, sa dabino huɗu ko biyar a aljihu, ko ayaba, kana ci kaɗan-kaɗan. A nan zaƙi yana da amfani, domin ƙafa tana shan shi nan take.

Ruwa kuwa kada ka yi wasa da shi. Ɗaura gora ko jarka ƙarama a keke. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40. Tuƙa da sassafe ko da marece. Duba fitsarinka: in ya yi ja, ruwa ya gaza a jikinka. Kuma kada zufa ta ruɗe ka. Lita ɗaya ta zufa kilo ɗaya ce a ma'auni, amma ruwa ne, ba kitse ba. Kana sha zai dawo. Masu sa rigar leda ko rigar sanyi don su yi zufa, kansu suke cuta.

Bayan ka sauka, sha ruwa, ka huta, ka jira lokacin abinci. Ci wake, ko nono, ko ƙwai, domin tsoka ta gyaru. Kada ka biya kanka lada da fanke.

Wane sauri ya dace? Tuƙa yadda numfashinka zai ɗan ƙaru, amma kana iya gaisawa da mutane. In magana ta gagara, ka yi sauri da yawa. OMS ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a sati. Minti 30 sau biyar ke nan. In ka daɗe ba ka hau ba, fara da minti 10 ko 15, kana ƙarawa.

Da azumi a yi hattara. Kada ka yi doguwar tafiya da tsakar rana. In an sha ruwa, fara da dabino da ruwa da kunu. Da yawa suna fita azumi da nauyi fiye da yadda suka shiga, saboda soye-soye da zaƙin buɗa baki.

Abin da za ka kiyaye

Kada ka sayi maganin ramewa a kasuwa ko a hannun masu yawo. Da yawansu gudawa ko fitsari kawai suke sa ka. Ruwan jikinka ne ke fita, kuma suna iya taɓa ƙoda.

Kada ka nemi rage fiye da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. Mai gaggawa tsoka yake zubarwa tare da kitse. Mai keke kuwa tsokar ƙafa ce jarinsa.

In kana shan maganin ciwon sukari, gana da ma'aikacin lafiya kafin ka rage ci ko ka ƙara tuƙi, domin sukarin jininka yana iya faɗuwa ƙwarai. In kana shan na hawan jini, kada ka bar shi da kanka don ka ji sauƙi. In ka ji ciwo a ƙirji, ko numfashi ya sarƙe bisa keke, sauka nan take, a kai ka likita.

Inda na kwana

Wata na farko kilo 2 suka tafi. Na biyu ma haka. Daga wata na biyar abin ya yi sanyi, har na yi sati shidda ma'auni bai motsa ba. Majo ya ce kada in damu: jiki in ya ragu, abin da yake sha ma yana raguwa, kamar yadda ƙaramar moto ba ta shan mai kamar babba. Na ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan wata goma na hau ma'auni: kilo 81. Kilo 11 sun tafi. Tiya ɗaya ta hatsi kilo 2 da rabi ce. Ashe tiya huɗu da wani abu nike ɗauke da su dare da rana, har cikin barci. Tansiyona ya sauka zuwa 13 da 8. Yashin da ke bakin ƙauye, wanda da can sai na sauka na tura keke, yanzu bisa sirdi nike ratsa shi. Igiyar ba ta gama haɗuwa ba, saura yatsa uku. Ina nan ina bin ta.

Ba sai ka zama siriri ba. Mai kilo 90 in ya rage 5 zuwa 9 kawai, jininsa da sukarinsa suna samun sauƙi. Keken kuma kada ka raina shi don na ce rabi ne. Yana ƙarfafa zuciya, yana sauke hawan jini, yana riƙe tsoka, yana hana kitsen da ya tafi dawowa. Ga kuɗin man moto da ya zamna mini a aljihu.

Abokan fada yanzu suna cewa: «Malam, ko arzikin ya gudu?» Sai in ce musu yana nan, daga ciki ne ya koma ƙafa. Biyu daga cikinsu sun riga sun fiddo nasu kekunan.

Kai da ka koyi rubutu bana, kana da makamin da ya cece ni. Kaye ne da bik. Fara yau da dare.

Tambayoyi

1. Domin mi malam bai rage nauyi ba cikin wata uku na farko?
2. Mi ne ne kalori?
3. Yaya ake awon igiya?
4. Su wa ne bai kamata su rage ci ba?
5. Mi za ka ɗauka in tafiyarka da keke za ta kai awa biyu?

Lissafi

Wani mai keke yana shan sukari ƙwaya 18 a yini. Ya rage, ya koma ƙwaya 8. Ƙwaya nawa ya rage? Kalori nawa ke nan a yini? Kalori nawa cikin kwana 30?

Aikin gida

Rubuta cikin kayenka duk abin da ka ci da abin da ka sha, har kwana uku. Ƙidaya ƙwayoyin sukari da cokulan mai. Ka zo da shi aji mu duba tare.